Ladan Rubutu ko Kuɗin Ƙofa? Tarihin Damagaram da Sayar da Gadon Jama'a ta Intanet

Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga wata ƴar tambaya da ke tasowa kusan kowace shekara idan ɗalibanmu suka fara aiki a kan farkon sarautar Damagaram, wato: ina za a sami Landeroin? Tambayar ƙarama ce, amma neman amsarta ya kai mu ga wata da ta fi ta girma. Shin ya dace a karɓi kuɗi kafin a bar mutum ya karanta, ta intanet, littafin da doka ta riga ta ce ya fita daga hannun mai shi? Abin da ake kira domaine public da Faransanci, a nan za mu kira shi gadon jama'a, wato duk rubutun da wa'adin haƙƙin mawallafinsa ya ƙare, har kowa na iya kwafarsa, ya buga shi, ya fassara shi, ba da neman izinin kowa ba. An yi ta muhawara a kan wannan batu a Turai da Amurka tun shekarun 2000. Mu za mu dube shi ne daga Gaffati, domin daga nan ana ganin wani ɓangarensa da ba a cika gani daga Faris ko Landan ba.

1. Gaffati da hanyar da labarinta ya bi

Gaffati a yau ƙaramar hukuma ce a gundumar Mirya, gabas da Zinder kaɗan. A ƙarshen ƙarni na 18 tana cikin garuruwan da zuriyar Malam, wanda ya kafa gidan sarautar a shekarun 1730, ta zauna kafin Sulaimanu ɗan Tintuma ya mayar da fada Zinder wajen 1812. Baƙin Turai da suka rubuta game da ƙasar sun zo ne bayan wannan zamani. James Richardson ya zauna a Zinder a Janairu da Fabrairu na 1851, lokacin Sarki Ibrahim. Heinrich Barth ya iso a ƙarshen Disamba 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu 1853. Dukansu sun tarar da birni ya riga ya kafu, kuma hankalinsu na kan fatauci da bayi da hanyar Borno.

Saboda haka mai neman zamanin Gaffati dole ya koma ga abin da dattawa suka riƙe a ka. Wanda ya fara tattara wannan ya buga shi da faɗi shi ne Moïse Landeroin, tafintan ayarin Kyaftin Jean Tilho, ayarin da ya shata iyaka tsakanin ƙasar da Faransa ta kama da wadda Ingila ta kama, daga Kwara zuwa tafkin Cadi, tsakanin 1906 da 1909. Bayaninsa na tarihi ya fito a juzu'i na biyu na Documents scientifiques de la mission Tilho, a Faris, 1911. André Salifou ya yi nasa binciken ya buga Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle a Yamai a 1971, kuma Roberta Ann Dunbar ta kare kundin digirinta a kan Damagaram a Los Angeles a 1970. Duk da haka ba mai iya tsallake Landeroin, domin shi ya ji daga bakin mutanen da suka rayu a zamanin Tanimu. Shekarun da muke rubutawa a gaban sunayen sarakunan farko lissafi ne da aka yi da baya-baya daga tsawon mulkin da masu ba da labari suka faɗa. Ɗalibin da bai ga shafin da idonsa ba, ba zai san inda maganar dattijo ta ƙare da inda lissafin tafinta ya fara ba.

Abin lura a nan shi ne hanyar da labarin ya bi. Daga bakin mutanen ƙasar ya fito, ya shiga littafin aljihun wani hafsa, ya ƙetare teku, aka buga shi da kuɗin Ma'aikatar Ƙasashen Mulkin Mallaka. Sunan da ke kan littafin na Tilho ne. Tilho kuwa bai rasu ba sai 1956, don haka matsayin littafin a doka ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Amurka ya daɗe da zama gadon jama'a domin can shekarar bugu ake dubawa ga tsofaffin littattafai, a Faransa kuwa ana ƙirga shekara 70 daga rasuwar mawallafi. Ba a taɓa ƙirga ranar rasuwar dattawan da suka ba da labarin ba.

2. Dorugu

Misali na biyu ya fi na farko fitowa fili, kuma za mu ɗan daɗe a kansa. An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye a ƙasar Damagaram ta wajen Kance. Yana yaro aka kama shi a harin bayi, aka bi da shi ta Zinder har Kukawa. A can Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Barth tare da wani yaro, Abbega, suka yi tafiyar Tumbutu da shi, suka isa Landan a 1855. A Ingila ne ya haɗu da James Frederick Schön, wani limamin mishan Bajamushe da ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Schön ya zaunar da shi yana faɗa yana rubutawa: labarin rayuwarsa, tafiye-tafiyensa, tatsuniyoyi, da abin da ya gani a ƙasar Turawa. Daga wannan zama aka sami babban rabo na abin da ya shiga nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magána Hausa na 1885. An ba Schön kyautar Volney a Faris a 1877 saboda aikinsa a kan Hausa. Dorugu ya dawo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana taimaka wa makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawa, ya rasu a 1912.

Ga mai nazarin harshe, labarin Dorugu na cikin mafi tsufa kuma mafi tsawon zube da muke da shi na Hausa da baƙaƙen boko, kuma Hausar yaron da ya tashi a ƙasar Damagaram kafin 1850 ce. Ga mai nazarin tarihi, shaida ce ta bawa a kan bauta, daga ƙasa ana kallon sama, abin da ba a samu a bayanin fada. Schön ya rasu a 1889, Dorugu a 1912. Ko da wace doka aka auna, Magána Hausa gadon jama'a ne. Fassarar Ingilishi da bayanai da A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka buga a 1971 aiki ne sabo, yana da haƙƙinsa, kuma ba a kansa muke magana ba. Muna magana ne a kan kalmomin da yaron ya faɗa da bakinsa. Idan wani kamfani ya ɗauki hoton shafukan 1885 ya ce sai an biya kafin a gani, to me yake sayarwa? Bai rubuta ba, bai fassara ba, bai biya magadan kowa ba.

3. Ladan rubutu

Amsar da masu sayarwa ke bayarwa ita ce aiki suke sayarwa, kuma wannan amsa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Kafin maɗaba'a, littafi a Zinder ko Kano ko Katsina abu ne mai tsada. Takarda daga Italiya take fitowa, ta biyo ayarin Tarabulus, irin mai alamar wata uku wadda Barth ya gani a kasuwar Kano. Marubuci ya zauna da alƙalami da tawada wata da watanni, baduku ya yi tadarishi da gafaka. Duk waɗannan ana biyansu, kuma ba wanda ya ga aibi a ciki. Wanda ya ba da Risala ko Muhtasar a kwafa masa ya san ladan rubutu yake biya.

Sai dai a lura da abin da mai sayen ya samu. Da littafin ya shiga hannunsa, nasa ne. Yana iya ba da aronsa, almajirinsa ya kwafa, na almajirin ma wani ya kwafa, ya bar wa ƴaƴansa gado ko ya yi wakafi da shi. Marubucin da aka biya ba ya biyo littafin yana neman a sake biyansa duk ranar da aka buɗe. Ta wannan hanya ce littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello suka bazu har ƙasashen da ba su taɓa bin Sakkwato ba, da Damagaram a ciki. Ba mu ce babu rowa a wancan zamani ba. Akwai malaman da ke ƙulle littafi a adaka, musamman na asiri, kuma har yau akwai gidajen da mai bincike zai yi sallama sau goma bai ga ko bango ba. Amma sunan wannan rowa, kuma malamai da kansu suna kushe ɓoye ilimi a wa'azinsu. Ba a taɓa mayar da shi haƙƙi ba.

Akwai wani kuɗi dabam da fatake suka sani sarai, wato kuɗin ƙofa da na fito. Mai karɓarsa bai noma kayan ba, bai ɗauko su ba, hanya ce kawai ta biyo ta gabansa, kuma ana biyansa duk lokacin da aka wuce. A ganinmu duk rikicin da ake yi a kan gadon jama'a a intanet ya taru ne a wajen rarrabe waɗannan biyu. Ɗaukar hoton shafi, da tsara shi, da ajiye shi a na'urar da ba ta mutuwa, aiki ne mai cin kuɗi, kuma ya cancanci lada. Abin tambaya shi ne ko za a biya ladan sau ɗaya a saki littafin, ko kuwa za a gina ƙofa a zauna.

4. Ƙofofin zamani

Gaskiya ce a fara da ita: abin da ake samu kyauta a yau ya fi ƙarfin abin da malamanmu suka yi mafarki. Babban ɗakin karatun Faransa ya buɗe Gallica a 1997. Persée ta fara a 2005, ta saki tsofaffin fitowar mujallu irin su Journal de la Société des Africanistes da Cahiers d'études africaines. Littafin Richardson na 1853 yana Project Gutenberg, juzu'an Barth suna Internet Archive. Wanda ya tuna lokacin da ganin shafi ɗaya na irin waɗannan ke bukatar tafiya Yamai, ko rubuta wasiƙa Dakar ko Aix-en-Provence a jira wata uku, ba zai raina wannan ba.

Amma ƙofofin suna nan, kuma iri-iri ne. Ta farko ita ce ta yarjejeniyar keɓewa. A Janairu 2013 aka bayyana cewa babban ɗakin karatun Faransa ya ƙulla da kamfanin ProQuest a kan littattafai 70,000 da aka buga tsakanin 1470 da 1700: kamfanin ya ɗauki hotonsu, ya sayar wa jami'o'i izinin gani har shekara goma, sai kashi 5 cikin 100 kawai aka saki nan take. Ƙungiyoyin masu kula da ɗakunan karatu a Faransa sun yi ca a kan abin. Hujjar hukuma ita ce babu kuɗin yin aikin, kuma mai son gani kyauta yana iya zuwa ɗakin karatun a Faris. Wannan hujja tana da ma'ana ga mazaunin Faris. RetroNews, wadda reshen kasuwanci na wannan ɗakin karatu ya buɗe a 2016, ta bi irin wannan tsari ga tsofaffin jaridu, waɗanda a cikin irinsu ne mai bincike zai ga yadda aka ba Faransawa labarin kisan Cazemajou a Zinder a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899.

Ta biyu ita ce ƙofar sharaɗi. Wata kotu a New York ta yanke a 1999, a shari'ar Bridgeman da Corel, cewa hoton da ya kwaikwayi tsohon zane daidai wa daida ba ya haifar da sabon haƙƙi, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta bi wannan ra'ayi game da zane-zane. Da haƙƙin mawallafi ya gagara, sai aka koma ga sharuɗɗan amfani, waɗanda mai karatu ke amincewa da su da danna maɓalli. Ko Gallica, wadda karatu a cikinta kyauta ne, ta bambanta amfani na kai da na kasuwanci, na biyun sai da lasisi da biya. Ke nan mai ƙaramar maɗaba'a a Zinder da ke son buga tsohon littafi da araha daga waɗannan hotuna, bisa ƙa'ida sai ya nemi izini a kan littafin da doka ta ce ba ya bukatar izini. Wani masanin shari'a a Amurka, Jason Mazzone, ya yi rubutu a 2006 a kan yadda iƙirarin haƙƙi a kan abin da ba shi da mai shi ya zama ruwan dare.

Ta uku ba ta karɓar kuɗi, amma tana rufe. HathiTrust, ma'ajiyar da jami'o'in Amurka suka kafa a 2008, tana duba daga inda mai karatu ya shigo. Idan daga wajen Amurka ne, littafin da aka buga a wata ƙasa ba ya buɗewa sai ya tsufa ƙwarai, sai fa wanda aka bincika aka tabbatar da matsayinsa. Dalilinsu tsoron ƙara ne, tunda ba za su iya bin ranar rasuwar kowane mawallafi ba. Sakamakon shi ne littafin 1911 a kan Damagaram na iya buɗewa ga ɗalibi a Michigan ya ƙi buɗewa ga ɗalibi a Zinder.

JSTOR ta nuna cewa ƙofa na iya sassautawa. A 2006 ta yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga, kuma a Satumba 2011, cikin hayaniyar shari'ar Aaron Swartz, ta saki maƙalu kusan 500,000 na tsofaffin mujallu ga kowa. Sai dai yafewar ga cibiya aka yi ta. Malamin makarantar sakandare a Gaffati ko Mirya da ke son shirya darasi a kan garinsu ba cibiya ba ne. Idan ya faɗa wa shafin da ke neman, a ce, yuro 30, to kusan jika ashirin ke nan a kan canjin tamma 655.957, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a 2024. Ko yana da kuɗin ma, katin banki ake nema, ba kuɗin da ke cikin salula ba.

5. Namu

Da sauƙi a tsaya nan a ɗora wa baƙi laifi. Amma tambayar ta riga ta shigo gidanmu. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, wanda tushensa tarin da Boubou Hama ya fara ne, yana riƙe da rubuce-rubucen hannu fiye da 4000. CELHTO na da faya-fayan maganar baka. A unguwar Birni da Zango a Zinder, da ƙauyukan da ke kewaye, akwai gidajen malamai masu adakoki da gara da ɗigon damina ke ci. Wutar da ta cinye cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Zinder a Janairu 2015 ta tuna mana cewa takarda ba ta da rai biyu. Ɗaukar hoton waɗannan abubuwa wajibi ne, kuma masu kuɗin yin sa galibi daga waje za su zo, kowa da takardar yarjejeniyarsa.

A nan wasu abokan aikinmu ke cewa: tunda an daɗe ana kwasa kyauta, me zai hana mu ma mu kafa tamu ƙofar? Maganar tana da tushe a doka. Yarjejeniyar Bangi ta ƙungiyar OAPI, wadda Nijar ke ciki, a gyaranta na 1999 ta tanadi biyan wani kaso idan an yi kasuwanci da gadon jama'a ko da adabin gargajiya, ra'ayin da Victor Hugo ya kare tun 1878 don a taimaki marubuta masu rai. Muna girmama wannan damuwa. Gidan da ya tsare littafi shekara 150 ya cancanci a san da shi, a rubuta sunansa, a biya shi ladan tsaro da na ɗawainiya. Mai buga littafi don riba kuma ba laifi a karɓi wani abu a hannunsa. Inda muka rabu da su shi ne kuɗin karatu. Jami'ar da ke Turai ko Amurka za ta biya kuɗin shekara ba ta ji a jikinta ba. Wanda ƙofar za ta tsayar shi ne ɗalibin Jami'ar André Salifou, da ɗan'uwansa na Maraɗi da na Kano, wato mutanen da aka ce don su ake yi.

Akwai tsarin da za a iya dubawa. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na babban ɗakin karatun Ingila, wanda ya fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, ya ginu a kan sharuɗɗa uku: asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, kwafi ɗaya na zama a wata cibiya ta ƙasar, hotunan kuma ana sakinsu kyauta. An biya ladan rubutu sau ɗaya ke nan. Amma shi ma ya koya mana wani abu a Oktoba 2023, lokacin da ɓarayin intanet suka kai wa ɗakin karatun hari, shafukansa suka rufe wata da watanni. Wanda ya dogara ga ƙofa ɗaya, ko ta kyauta ce, ranar da ta rufe ya tsaya. Sharaɗi na biyun, wato kwafin da ke gida, shi ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin ajiye shi na bukatar na'ura da wuta da ma'aikacin da ake biya kowane wata, kuma wannan kasafin namu ne.

Bisa ga haka muna ba sashenmu shawarar kada ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba wani keɓantaccen izini a kan hoton abin da ya riga ya zama gadon jama'a, ko na shekara nawa ne, kuma ya nemi cikakken kwafi mai inganci, ba ƙaramin da ake nunawa a allo ba. Akwai kuma aikin da za mu iya farawa ba da jiran kowa ba, wato mayar da labarin Dorugu zuwa rubutun Hausa na yau. Aikin ba ƙarami ba ne. Schön ya yi amfani da baƙaƙen Lepsius masu ɗigo da ƙaho, waɗanda kwamfuta ke karantawa a birkice, kuma bai rarrabe ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k yadda muke yi ba, ga shi kunnensa na Bajamushe ne. Dole a buga kowane layi da hannu, a zauna da masu jin Hausar Kance da Mirya a tantance inda yaron ya yi karin garinsu da inda limamin ya ji ba daidai ba. Kafin a fara, sai a rubuta a shafin farko daga wane kwafi aka ɗauko hotunan da kuma sharaɗin da ke kansa, domin kada a gama aikin shekara biyu sannan a tarar mai hoton yana da magana.